Raina Kama Ka Ga Gayya: Asirin da ke Cikin Gansakuka

FILIN KIMIYYA

Duk wanda ya bi hanyar Azare zuwa Yana a ƙarshen damina, ya ratsa ƙauyukan ƙasar Shira, ba zai rasa ganin kududdufai cike da ruwa a bayan gari ba, galibi inda aka haƙi ƙasar gini. Kafin a kai ga girbin dawa ruwan ya kwanta, fuskarsa ta rufe da wani kore shar mai yauƙi, wanda babba da yaro suka sani da sunan gansakuka. Makiyayi ya zo ya kaɗe ta da sanda don shanunsa su sha, mai wanki ta ture ta da ƙwarya tana tsaki, yara kuwa su jefa dutse su wuce. Ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Alhali kuwa a cikin wannan abu da aka raina akwai wani aiki da ke gudana tun daga fitowar rana har faɗuwarta, kuma shi ne ainihin aikin da ke gudana a cikin ganyen dawa da gero da gyaɗa. Masana sun share shekaru masu yawa suna neman ganin siffar ƙananan ma'aikatan da ke riƙe da wannan aiki. Abin da suka gani a ƙarshe ya shafi manomin Shira fiye da yadda zai yi zato, musamman ranar da ya tarar da dawarsa ta yi rawaya bayan ya kashe kuɗinsa wajen taki.

YADDA TSIRO KE DAFA ABINCINSA

Sanin kowa ne tsiro ba a kai masa akushi. Da kansa yake haɗa abincinsa daga abu uku, watau hasken rana, da ruwa, da iskar kabon, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Daga waɗannan yake yin sukari, daga sukari kuma a samu kara da ganye da ƙwayar hatsi. Iskar oksijin da mutane da dabbobi ke shaƙa, ragowar wannan girki ce. Masana sun ƙiyasta kusan rabin wannan aiki a duniya duka ƙananan halittun ruwa ne ke yinsa, dangin gansakuka, galibinsu a cikin teku.

A cikin ganye, haka kuma a cikin gansakuka, akwai wasu injuna biyu waɗanda ƙanƙantarsu ta wuce misali. Na farko yana amfani da ƙarfin haske ya fasa ruwa, ya zare daga cikinsa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira ƙwayoyin lantarki. Na biyu yana karɓar ƙwayoyin nan ya daɗa musu ƙarfi da wani hasken, sa'an nan a tura su inda ake haɗa sukari. To, amma ƙwayar lantarki ba ta zuwa da ƙafarta. Mai karatu ya tuna yadda ake ginin soro. Magini ba ya saukowa ya ɗauki tubali, mutane ne ke jeruwa, wannan ya miƙa wa wancan, na ƙarshe ya cilla sama. In guda ya yi sanyin hannu, gini ya tsaya.

Masu miƙon nan a cikin tsiro duk furotin ne, watau dangin sinadarin gina jiki da ake samu a wake da nama, sai dai kowanne da siffarsa da aikinsa. Suna da dama, amma biyu ne abin magana a yau. Na ɗaya sunansa filastosayanin, launinsa shuɗi, yana ɗauke da ƙwayar zarra guda ta jan ƙarfe, shi ke kai kaya bakin inji na biyu. Wani masani ɗan Japan, Sakae Katoh, shi ya fara gano shi a 1960, kuma a cikin gansakuka ya same shi. Na biyu sunansa feredoksin, launinsa ja-ja, yana ɗauke da baƙin ƙarfe, shi ke karɓar kaya daga inji na biyu ya rarraba. A 1962 ne Daniel Arnon da Kunio Tagawa na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka bayyana matsayinsa a cikin ganye.

Feredoksin ba wurin haɗa sukari kaɗai yake kai kaya ba. Sinadarin nan na naitirojin da manomi ke saye a buhun taki, in saiwa ta tsotso shi ya iso ganye, ba ya zama abin gina jikin tsiro sai da ƙwayoyin lantarkin da feredoksin ke miƙowa. Mai karatu ya riƙe wannan, don za a komo kansa.

GANI YA KORI JI

Sanin sunan ma'aikaci daban, ganin fuskarsa daban. Furotin ya yi ƙanƙantar da madubin ƙara girma irin na asibiti ba ya nuna shi. Dabarar da masana suka bi ita ce ta daskarar da shi ya zama kiristal. Wanda ya taɓa barin ruwan gishiri a rana har ya ƙafe, ko ya duba gutsuren alif da kyau, ya ga kiristal, watau dunƙule mai kusurwoyi da sheƙi. Abin da ya ba shi wannan siffa shi ne ƙwayoyin cikinsa sun jeru sahu-sahu, kowace na fuskantar gefe guda, kamar masallata a filin Idi.

In an samu kiristal, sai a haska masa hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hasken ya ratsa sahun nan, ya watsu, ya bar ɗigo-ɗigo a kan faifan hoto. Kamar dai rana ce ta ratsa asabari ta zuba ɗigon haske a daɓe, mai basira ya dubi ɗigon ya faɗi irin saƙar asabarin ko bai ɗaga kai ba. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa, da ƙarfinsa, ake lissafa mazaunin kowace ƙwayar zarra. Max von Laue na Jamus ya nuna haka na yiwuwa a 1912, sa'an nan wani uba da ɗansa a Ingila, masu suna Bragg, suka kafa lissafin, aka ba su kyautar Nobel a 1915. Furotin kuwa ya ba da wuya ƙwarai. Sai a 1958 John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko, abokin aikinsa Max Perutz kuma ya shafe fiye da shekara 20 a kan furotin guda na cikin jini kafin ya ga bayansa.

Babbar wahalar ita ce samun furotin tsantsa mai yawa, domin sai da shi kiristal ke fita. Saboda haka masana sukan nemi halittar da ke yaɗuwa da sauri, mai sauƙin tarawa. A nan ne labarin ya biyo ta kusa da gida.

DAGA TAFKIN CADI ZUWA JAPAN

Ruwan da ya sauka a ƙasar Katagum, wanda kogin Jama'are ya kwasa, yana haɗuwa da na kogin Haɗeja ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. Ta wannan nahiya kuma fatake suka daɗe suna kawo kanwa zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, har da ungurnu da ake ba dawaki. A gabashin tafkin, a ƙasar Kanem, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa wanda galibin halittu ba sa iya zama cikinsa. Amma akwai wata irin gansakuka mai launin kore da shuɗi, mai siffar murɗaɗɗen zare, wadda nan ne gidanta. Masana suna kiranta sifirulina. A lissafinsu na yanzu ta fi kusa da dangin bakteriya, amma girkinta da na ganye iri ɗaya ne.

Matan Kanembu sun san ta tun kafin wani masani ya ji labarinta. Sukan yaɗe ta daga fuskar ruwa, su zuba a ramin da suka fafe cikin yashi mai tsabta, rana ta busar da ita, su yanka ta gutsure-gutsure su kai kasuwa. Sunanta a wurinsu dihe, da ita ake kaɗa miyar tuwon gero. A 1940 wani Bafaranshe masanin tsirrai, Pierre Dangeard, ya rubuta bayaninta, ba wanda ya kula. Sai a 1964 wani ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort Lamy, watau Njamena ta yau, ya bi sawunta. Da aka auna, sai aka tarar fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne. Daga nan duniya ta farga, har ga shi yau ana noma ta a Amurka da Indiya da Sin, ana sayarwa da tsada a kantunan magani.

Daga irin wannan sifirulina ce masanan Japan na jami'o'in Tottori da Osaka, cikinsu har da Keiichi Fukuyama da Tomitake Tsukihara, suka tace feredoksin, suka daskarar da shi, suka haska masa eksire. A 1980 da 1981 suka bayyana siffarsa, kuma shi ne karo na farko da aka ga feredoksin irin na tsirrai. Kaifin hoton ya kai a bambance abubuwa biyu waɗanda tazararsu ba ta wuce kashi ɗaya ba in an raba milimita gida miliyan 4.

ABIN DA AKA GANI

Feredoksin ɗin sifirulina kamar carbi yake mai 'ya'ya 98, kowane ɗa wani sinadari ne da ake kira amino asid. Carbin ba a miƙe yake ba, ya naɗe ne bisa ƙa'ida. Wani sashe ya jeru layi huɗu gefe da gefe kamar saƙar tabarma, ya lanƙwasa kamar tafin hannu, ya damƙe wani sashen mai murɗin igiya. A can gefe guda kuma carbin ya yi wani ɗan maɗauki, a cikinsa ne dukiyar take: ƙwayar baƙin ƙarfe biyu, da ƙwayar farar wuta biyu tsakaninsu, su huɗun sun yi kusurwa huɗu. 'Ya'yan carbi huɗu, masu ɗauke da tasu farar wutar, sun riƙe ƙarafan kamar turaku.

Hikimar da ke ciki ita ce ba a binne ƙarafan nan a tsakiya ba, an ajiye su dab da fata. Ƙwayar lantarki ba ta iya dogon tsalle, saboda haka tilas mai bayarwa da mai karɓa su matso kusa ƙwarai. Ɗan dako ai a ka yake ɗaukar kaya, inda mai saukewa zai kai hannu. Har ila yau an ga fatar feredoksin na ɗauke da irin cajin lantarkin da ke jan kishiyarsa, wadda ke jikin abokan hulɗarsa, kamar yadda maganaɗisu ke jan allura. Riƙon ba mai tsanani ba ne, daidai yadda za a miƙa kaya a rabu a koma ɗauko wani. A 2001 masanan Osaka suka ɗauki hoton feredoksin na ganyen masara yana manne da mai karɓar kayansa, aka tarar fasalinsa bai yi nisa da na sifirulina ba. Watau abin da aka koya daga gansakukar ruwan kanwa ya yi daidai da abin da ke cikin gona.

Shi ma shuɗin ɗan dakon an ga siffarsa. Hans Freeman da mutanensa a Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka fitar da ita a 1978 daga ganyen wani itace. Kamar 'yar ganga yake, da jan ƙarfensa guda a wani ɗan lungu kusa da baki.

DABARAR DA DAWA BA TA DA ITA

To, ina labari in ƙarfen ya yi ƙaranci? A nan gansakuka ta nuna gayyarta. A 1986 wata masaniya haifaffiyar Indiya, Sabeeha Merchant, tare da Lawrence Bogorad a Jami'ar Habad, suka bi diddigin yadda wata koriyar gansakuka mai suna kilamidomonas ke yi in ruwanta ba jan ƙarfe. Sai ta jingine shuɗin ɗan dakon, ta ƙera wani dabam mai suna saitokurom, wanda ke aiki da baƙin ƙarfe, girki ya ci gaba. A 1993 da 1995 ita da abokan aikinta a Los Anjalis suka fitar da siffar duka biyun. Gininsu bai yi kama ba ko kaɗan, amma aiki guda suke yi a ƙofa guda, kamar jaki da amalanke.

Haka kuma in baƙin ƙarfe ne ya yanke, gansakuka da yawa sukan rage feredoksin su ƙera wani mai suna filabodoksin, wanda ba ƙarfe a jikinsa sam, da wani sinadari dangin bitamin B2 yake aiki. Amfanin gona kuwa, dawa da gero da masara da shinkafa, ba su da wannan mafita. In ƙarfe ya gaza musu, sai wahala. Wannan ne ya sa masanan Jami'ar Rosariyo ta Ajantina, ƙarƙashin Néstor Carrillo, suka ɗauko tsarin halittar filabodoksin daga gansakuka suka dasa a cikin taba. A 2006 da 2007 suka ba da labarin cewa tabar ta fi 'yan'uwanta jure ƙishirwa da zafin haske da ƙarancin ƙarfe. Gwaji ne a kan taba, amma ya nuna ƙofar da masu kyautata iri za su iya ƙwanƙwasawa.

ABIN DA YA SHAFI MANOMI DA MAKIYAYI

Yanzu sai a komo gonar Shira. Ba kowace rawayar ganye ce ke nufin yunwar taki ba. In naitirojin ne ya gaza, tsofaffin ganye na ƙasa su ke fara yin rawaya, domin tsiro yana kwashe abin da ke cikinsu ya kai wa sababbi. In kuwa baƙin ƙarfe ne, sababbin ganye na sama su ke kwashewa, jijiyoyinsu na nan kore amma tsakaninsu ya yi fari-fari, domin ƙarfe in ya zauna a tsohon ganye ba ya tashi. Dawa na cikin amfanin da wannan cuta ta fi kamawa. Sau da yawa ma ƙarfen na nan cikin ƙasa, sai dai kanwa ko farar ƙasa ta ɗaure shi, saiwa ba ta iya tsotsa. Ruwan kanwar da ke rayar da sifirulina, shi ne ke kassara dawa.

Manomin da bai san wannan bambanci ba, da ya ga rawaya sai ya ciyo bashi ya ƙaro yuriya. Amma takin da aka saba, yuriya da NPK, ba don ƙarfe aka haɗa su ba. An tara wa magini tubali ke nan alhali mai miƙo ba shi da lafiya. Abin da ke taimako a irin wannan gona shi ne takin gida, da gyara magudanar ruwa a wuraren noman rani don kada kanwa ta taso, da feshin ruwan ƙarfe a ganye bisa shawarar malamin gona. Kafin duk wannan kuwa, awon ƙasa.

Akwai kuma gargaɗi wanda ya wajaba. Kada wani ya ji labarin dihe ya nufi kududdufin bayan gari da ƙwarya. Gansakuka iri-iri ce, wasu dangin sifirulina ɗin ma suna fitar da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kashe dafin. Tun a 1878 aka rubuta labarin dabbobin da suka mutu bayan shan irin wannan ruwa a wani tafki na Ostireliya. A 1996 kuma, a garin Karuwaru na Birazil, mutane fiye da 50 masu ciwon ƙoda suka rasu saboda an wanke musu jini da ruwan da ke ɗauke da dafin. Ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi. In ruwa ya yi kauri kamar an zuba koren fenti, yana wari, to makiyayi ya kora dabbobinsa gaba. Takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, da ƙazantar gari, su ke ciyar da irin wannan yaɗo.

SAURA AIKI

Siffofin nan da aka ambata ba a kulle suke a akwati ba. Tun 1971 masana suka kafa wani rumbu na duniya inda ake ajiye siffar kowane furotin da aka gano, yanzu ya haura 200,000, kuma kyauta ne ga duk mai intanet. Ɗalibi a Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare, ko a jami'ar jiha da ke Gadau, yana iya buɗe feredoksin ɗin sifirulina a kwamfuta ya jujjuya shi ya ƙirga ƙarafansa. Abin da ya rage shi ne malaman da za su nuna masa, da wutar lantarkin da za ta bar shi ya zauna.

Sai dai abin takaici, manyan injunan da ke ba da hasken eksire mai ƙarfi, waɗanda da su ake wannan aiki a yau, babu ko ɗaya a nahiyar Afirka. Ƙasar Jodan ta buɗe nata tare da maƙwabtanta a 2017. Masanan Afirka sun yi taronsu na farko kan neman irinsa a 2015, kuma a Faransa suka yi shi. Tafkin Cadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, ga kuma rashin zaman lafiya da ya raba jama'ar bakinsa da sana'o'insu.

Ba a ce gwamnatin jiha ta gina injin miliyoyi ba. Amma awon ƙasar gonaki har da ƙananan sinadarai irin su ƙarfe, da horar da malaman gona su san rawayar sama da ta ƙasa, da binciken irin gansakukar da ke cikin tafkuna da kududdufan da jama'a ke sha, duk ba su fi ƙarfinta ba. Jami'o'in Bauci da Yobe da Barno su ne suka fi kowa kusa da ruwan kanwa, bai kamata a ce kullum sai baƙo ya zo ya faɗa wa mai gida abin da ke cikin tukunyarsa ba. Matan Kanembu sun riga kowa sanin darajar wannan kore, wasu can nesa suka auna shi suka ci riba. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, ya ba manoma damina mai albarka, amin.